Kallon tsuntsaye a Sanluwi ta Senegal a ƙarshen Maris: ko zan tarar da su?

Malamin Kimiyya, unguwar Zariya, Maraɗi

Assalamu alaikum. Ni malami ne mai koyar da kimiyyar halittu a wata makarantar sakandare a nan Maraɗi. Shekara tara ke nan ina koya wa ɗalibai darasin ƙaurar tsuntsaye, ina zana musu kibiyoyi a allo daga Turai zuwa Afirka da kuma daga Afirka zuwa Turai, alhali ni kaina ban taɓa tsayawa a bakin teku ba, kuma ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikin manyan matattaran da littafin ke ambata ba. A bara wata ɗaliba ta tambaye ni ko na ga abin da nake faɗa da idona, na ce mata a'a, kuma har yau amsar tana damuna.

Ƙanena yana karatu a Jami'ar Gaston Berger da ke Sanluwi, garin da mutanensa ke kira Ndar, a inda kogin Senegal ke shiga tekun Atalantika. Ya daɗe yana matsa mini in kai masa ziyara, kuma bana Allah ya hore abin tafiya. Hutun da nake da shi shi ne na ƙarshen zango na biyu, wanda zai ba ni kamar kwana goma daga ƙarshen watan Maris zuwa farkon Afrilu, har da kwanakin hanya.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne lokacin. Duk rubutun Turawa da na karanta yana yabon watannin Maris, Afrilu da Mayu, yana cewa su ne mafi kyau ga mai son kallon tsuntsaye a garuruwan bakin teku. Masu fassara kan kira wannan lokaci bazara, amma bazararmu ta zafi ce da ƙishirwa, tasu kuwa lokacin ficewar sanyi ce da tohon itatuwa. Da na zauna na yi lissafi sai na ga cewa idan a lokacin ne tsuntsayen ke isa can, to, a lokacin ne suke barin nan. Tsorona ke nan, kada in kashe kuɗin jirgi daga Yamai zuwa Dakar, in bi mota zuwa Ndar, in tarar kasuwa ta watse.

Ina roƙon waɗanda suka san wurin su gaya mini gaskiya. Me zan tarar a ƙarshen Maris, kuma me zai riga ya tafi? Ban da tsuntsaye, waɗanne namun daji ake gani a kewayen garin? Ina da ƙaramin madubin hangen nesa da wani aboki ya ba ni, ba ni da babbar kyamara, kuma ban damu da hoto ba kamar yadda na damu da in dawo da abin da zan faɗa wa ɗalibaina ba tare da kame-kame ba. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji, Sabon Gari

Wa alaikumus salam, Malam. Lissafinka daidai ne, kuma na yaba da ka yi shi kafin ka sayi tikiti, domin mutane da yawa kan ɗauki kalandar Turawa su ɗora ta a kan ƙasarmu kamar sirdin doki a kan jaki. Na yi aikin gandun daji har na yi ritaya, kuma sau biyu aka tura ni horo a yankin bakin kogin Senegal, inda na shiga ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi a tsakiyar watan Janairu na kowace shekara. Ba a banza aka zaɓi Janairu ba. A lokacin ne baƙin Turai suka gama sauka, ba su kuma fara tashi ba sosai. Wanda ke son ya ga taro a cikarsa, daga Disamba zuwa Fabrairu ne lokacinsa.

Sai dai baƙin ba rana ɗaya suke watsewa ba, kuma a nan ne amfanin tafiyarka yake. Akwai wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu da miƙaƙƙen baki da ke kiwo a fadamun shinkafa, wanda ke hayayyafa a makiyayun ƙasar Holan. Shi gaggawa gare shi, tun ƙarshen Disamba da Janairu yake kama hanya, ya ya da zango a gonakin shinkafar Sifen da Fotugal. Wannan ka rasa shi. Agwagin Turai, waɗanda su ne ke rufe ruwa kamar an shimfiɗa tabarma, suna raguwa daga Fabrairu, kuma zuwa ƙarshen Maris saura kaɗan za ka gani. Amma ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari, irin su tsattsewa da ƴan mitsi-mitsin da ke ɓuya cikin ciyawar ruwa, su ne ke jinkiri har cikin Afrilu. Za ka same su suna ci babu kama hannun yaro, domin gabansu akwai Sahara, tafiyar da ta kusa kilomita 2000 babu abinci babu ruwan kirki. Wasu daga cikinsu kan tara kitse har nauyinsu ya kusa ninkawa kafin su tashi. A ganina malamin kimiyya ya fi ƙaruwa da ganin wannan shiri fiye da ganin taron Janairu, saboda taro ana iya nuna shi a hoto, shirin tafiya kuwa sai an zauna an lura.

Wurin da ya wajaba ka fara zuwa shi ne gandun tsuntsaye na Juj, wanda a taswira za ka ga an rubuta Djoudj. Yana da nisan kusan kilomita 60 arewa da Ndar, kusa da iyakar Muritaniya, kuma wani ɓangare na hanyar ba kwalta. An kafa shi a 1971, faɗinsa hekta 16,000, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1981. Darajarsa daga matsayinsa take: yana cikin ruwaye na farko da tsuntsu zai tarar bayan ya ƙetare hamada daga arewa, kuma yana cikin na ƙarshe da zai sha kafin ya koma. Na ce ka fara da shi tun washegarin saukarka, ba don komai ba sai don ruwan gandun yana ja baya kullum a wannan lokaci, kuma ana rufe harkar masu ziyara wajen ƙarshen Afrilu. Kowace rana da ka jinkirta ragi ce.

Abin da ba zai kuɓuce maka ba shi ne kwasakwasa. Waɗannan ba baƙin Turai ba ne, a nan Juj suke hayayyafa, dubbai a kan tudu ɗaya a tsakiyar ruwa, kuma ana kai mutum kusa da su a kwalekwale mai inji. Kafin ka hango su hancinka zai ba ka labari, domin warin kashinsu da na ruɓaɓɓen kifi yana tarye mutum tun daga nesa. A ƙarshen Maris ƴaƴan sun girma, kuma za ka yi mamakin ganin cewa launinsu baƙi-baƙi ne, ba fari kamar na iyayensu ba, har wanda bai sani ba zai rantse wani jinsi ne dabam. Ka roƙi mai kwalekwale ya kashe inji idan kun tarar da manyan suna su. Sukan jeru kamar rabin zobe, su koro kifi zuwa ruwa marar zurfi, sannan su tsoma baki gaba ɗaya a lokaci guda kamar masu bin limami. Fukafukan babba idan ya buɗe su sun kai mita uku. Na ga abubuwa da yawa a daji, amma wannan su na taron dangi yana cikin waɗanda ban gaji da kallo ba.

A hanyar kwalekwalen za ka ga kirinjijiya garke-garke suna fito, da dinya, da zalɓe iri-iri, da gauraka bibbiyu a bakin ciyawa, da gaggafar nan mai farin kai da ke kamun kifi, wadda kukanta ke tsaga sararin sama. A babban tafkin gandun akwai filamingo, dogayen tsuntsayen nan masu launin ja-ja da lanƙwasasshen baki, waɗanda ke kifa kai cikin ruwa suna tace abinci. Su kan tsaya nesa, kuma da hantsi ya yi zafi iska takan yi rawa a kan ruwa har madubi ya kasa nuna komai, saboda haka ka nufe su da sassafe. Na ƙasa kuwa, gadu ya yi yawa har ya daina tsoron mota, akwai dila, da jan biri, da guza, da kada da ke kwanciya kusa da tudun kwasakwasa yana jiran ɗan da zai faɗo. Mesa ma tana nan, ko da yake ganinta sai an yi sa'a.

Akwai wani ɗan tsuntsu da ba za ka gani ba, amma labarinsa ya cancanci allonka. Nauyinsa bai wuce giram 12 ba, yana hayayyafa a fadamun ƙasashen Folan da Belarus da Yukren, kuma yana cikin tsuntsayen Turai da suka fi fuskantar ƙarewa. Shekara da shekaru masana ba su san inda yake cin rani ba, sai a farkon 2007 aka gano shi cikin ciyawar ruwan Juj. Ka gaya wa ɗalibanka cewa har a zamaninsu akwai tambayar da amsarta ke kwance a Sahel, ana nemanta daga Turai.

Ka kuma lura da kacala. Tun da aka gama madatsar Jama a kan kogin Senegal a 1986 don hana ruwan gishiri hawowa cikin kogi, ruwan yankin ya zama mai daɗi duk shekara, sai wannan ciyawa ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Duk wanda ya san fadamun Haɗeja da Nguru ya san wannan masifa. Madatsar ta kawo noman shinkafa, ba na musun alherinta, amma za ka ga kuɗin da daji ya biya.

Maman Ɗalibai, Ali Ɗan Sofo

Assalamu alaikum. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, bayaninka ya gamsar, kuma ban isa in gyara maka komai a kan Juj ba. Sai dai ina neman izini in ƙara wani abu, domin na zauna shekara huɗu a Ndar lokacin da maigidana ke aiki a can, kuma ina ganin an bar teku a baya, alhali Malam garin bakin teku ya tambaya.

Malam, lokacin da baƙin Turai ke tashi daga fadama, a daidai lokacin ne tsuntsayen teku na Afirka ke taruwa don yin ƙwai. Kudu da gari akwai wani siririn harshen rairayi da ya raba kogi da teku, ana kiransa Lang da Barbari, kuma an mai da ƙarshensa gandu tun 1976. Ana shiga ta yankin Ganjol, tafiyar kusan kilomita 20 daga gari. A cikin kogin akwai ɗan tsibiri da fararen tsuntsayen teku ke sheƙa a kansa, wasu masu tokar kai, wasu masu baƙar hula da jan baki ko ruwan lemo, waɗanda ke tsayawa cik a sama sannan su faɗa ruwa kamar an jefa mashi. Daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu harkarsu ke fara kankama, namiji yana kawo wa mace ɗan kifi a baki kamar mai kai toshi. Ba a sauka a kan tsibirin, kewaya shi ake yi a kwalekwale, kuma idan wani mai jirgi ya ce zai matsa da kai sosai don ya faranta maka, ka hana shi. Iyaye suna tashi, ƙwai ya zauna a rana, masu cin ƙwai kuma suna jira.

Akwai abin da mu mutanen tudu ba mu saba da shi ba, kuma ni sai da na yi asarar fita uku kafin in gane shi. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini da kwana, kusan awa shida tana hawa, awa shida tana sauka, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti hamsin kowace rana. Ƙananan tsuntsayen da ke tsintar tsutsa da ƙaguwa a cikin laka sai ruwa ya janye suke samun abinci. Idan ya janye gaba ɗaya sukan bazu nesa, idan ya cika sukan tafi su kwanta. Lokacin da ya fi shi ne sa'ad da ruwa ke dawowa, domin yana koro su zuwa gare ka sannu a hankali kana zaune. Ka tambayi masunta, su ba sa bukatar takarda don sanin wannan. Da yawa daga cikin waɗannan tsuntsayen laka baƙi ne masu zuwa can ƙarshen arewacin duniya, inda ƙanƙara ba ta narkewa da wuri, don haka ba sa gaggawa, kuma a Afrilu wasunsu sun fara sauya toka-tokar rigarsu zuwa ja-ja ta lokacin aure.

Ka kuma duba kan turaku da busassun itatuwa a bakin ruwa, za ka ga wani shaho mai fari a ciki da baƙin zane a ido kamar ya sa kwalli, wanda kifi kaɗai yake ci. Daga Turai yake zuwa, har da Sikotilan da Jamus. Manyan suna tafiya a cikin Maris, amma ƴaƴan da aka ƙyanƙyashe bara ba sa komawa a shekararsu ta farko, suna zama a nan har su ƙara girma. Ke nan ko ka makara za ka same shi. Idan ya kama kifi yakan juya shi kai gaba a cikin ƙafafunsa don kada iska ta dame shi.

Game da namun daji, a kan hanyar Ganjol ɗin akwai ƙaramin gandun Gembel, wanda aka kafa a 1983. A can na fara ganin mena da idona, barewar nan mai fari a ciki da jan wuya da ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu ta ɗauki sunanta. Na tsaya ina kallonta, kunya ta kama ni, ƴar Nijar sai ta je Senegal ta ga mena a cikin shinge. Akwai kuma mariri mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa kamar takobi, wanda aka ayyana ya ƙare a daji a 2000, kafin a fara mai da shi dajin Cadi daga 2016. Akwai manyan kunkuru na tudu da jan biri. Kunkurun teku kuwa kada kowa ya yi maka alkawarinsa, domin da damina yake hawowa rairayi ya yi ƙwai, ba a watan da za ka je ba.

Idan kun bi ta Ganjol ka sa a nuna maka inda aka yanka harshen rairayin. A watan Oktoba na 2003 ambaliya ta yi wa gari barazana, sai aka haƙa mashiga mai faɗin mita huɗu don ruwan kogi ya samu hanyar fita. Teku ta karɓi aikin daga hannun mutane, mashigar ta yi ta faɗaɗa har ta kai kilomitoci, ta cinye ƙauyen Dun Baba Jey, gishiri ya shiga gonaki da rijiyoyi. Darasi ne da ya dace da ajinka ba kaɗan ba.

Abu na ƙarshe, ka tafi da rigar sanyi. Na san za ka yi dariya, kai da za ka baro Maraɗi tana tafasa sama da digiri 40, amma iskar teku a Ndar a watan Maris tana sa mutum karkarwa da asuba, musamman a cikin kwalekwale. Kuma ko ba ka fita gari ba, ka tsaya a kan gadar Federbe da sassafe, ko ka je unguwar masunta ta Get Ndar lokacin da jiragen masunta ke dawowa, tsuntsaye na bin su kamar ƙudaje a mahauta. Mutanen unguwar ba sa son a ɗauke su hoto ba izini, ka yi sallama tukuna.

Ɗan Masunta, Madarunfa

Gaisuwa ga Baba da Hajiya. Malam, ni ban taɓa zuwa Senegal ba, saboda haka ba ni da ta cewa a kan Ndar. Abin da zan faɗa na gida ne. A bakin tafkin Madarunfa aka haife ni, kuma nakan ga mutanen birni sun zo da madubin hangen nesa, tsuntsu ya sauka a gabansu, su ɗaga madubi su yi ta lalube a sama har ya tashi. Aiki da madubi sai an koya. Ka kafa idonka a kan tsuntsun, kada ka ɗauke, sannan ka kawo madubin wurin idon. Ka sa rana a bayanka, domin idan tana gabanka kowane tsuntsu baƙi ne. Idan ka bari sai a Juj za ka fara koyon wannan, rabin kuɗinka ya tafi a banza.

Daga Maraɗi zuwa wurinmu bai kai tafiyar awa ɗaya ba. Ka zo asabar biyu ko uku kafin tafiyarka, ka kwana, mu fita bayan sallar asuba. Ruwa ya ja baya yanzu, laka ta fito, kuma irin baƙin da Hajiya ta ambata wasunsu suna nan suna tsinta tare da zakaran ƙeƙuwa da belbela. Akwai wani ɗan tsuntsu mai ruwan ɗorawa a ciki da ke bin ƙafafun shanu yana kaɗa wutsiya sama da ƙasa. Tun ina yaro nake ganinsa da rani, ban taɓa ganin sheƙarsa ba, kuma na tambayi mahaifina ya ce shi ma bai taɓa gani ba. Sai da na girma na ji cewa a Turai yake yin ta. Idan ka san na gida da kyau, ka je can za ka gane wane ne baƙo a gare ka, wane ne tsohon sani.

Kuma ina ganin darasin kibiyoyinka ya rasa kibiya ɗaya. Littafi yana nuna masu zuwa daga arewa kawai, amma mu manoma wadda muke jira daga kudu take zuwa. Shamuwa takan bar mu bayan kaka ta tafi gabashi da kudancin Afirka, ta ci damina a can, sannan ta biyo ruwa ta dawo. Wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu za ka gan ta a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari tana gyara tsohuwar sheƙa, kuma daga ranar tsofaffi ke cewa a fito da iri a gyara kalme. Ba mai taɓa ta, ko yaro mai danƙo ya san wannan, ga shi kuma tana rage mana fara a gona. Ke nan za ka raka masu tafiya a Ndar, ka dawo gida ka tarbi mai zuwa. Ɗalibanka sun san shamuwa tun suna goye, da ita ya kamata a buɗe darasin.

Wata shekara wani maharbi a ƙauyenmu ya kawo wa kawuna ɗan zoben ƙarfe da ya cire daga ƙafar wata agwagwa, da rubutun boko a jiki, yana tsoron ko asiri ne aka yi wa wani. Kawu ya ajiye shi cikin gwangwani shekaru, daga baya ya ɓace. Har yau ina jin takaicin ban kwafi lambar ba.

Malamin Kimiyya, unguwar Zariya, Maraɗi

Baba, Hajiya, da ɗan'uwana na Madarunfa, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara sani. Hankalina ya kwanta. Na tsara cewa Juj ce farko, washegarin saukata, sannan Gembel da Ganjol a rana guda idan lokacin janyewar teku ya ba da dama, sauran kwanakin kuma in yi su a bakin kogi cikin gari tare da ƙanena. Maganar shamuwa ta shige ni ƙwarai, domin shekara tara ina koyar da ƙaura ban taɓa ambatonta a aji ba, alhali akwai sheƙarta a bayan gidan kakata a Tibiri. Ɗan'uwa, in Allah ya yarda asabar mai zuwa ina tafe, zan nemo ka ta saƙo.

Baba, saura tambaya biyu. Labarin zoben nan ya tsaya mini a rai: idan na ga tsuntsu da zobe, me ya kamata in yi? Sannan ƙanena ya ce ya ji ana cewa akwai ayu a kogin, ko akwai fatan in gan shi?

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji, Sabon Gari

Malam, ayu yana cikin kogin Senegal kamar yadda yake cikin kogin Kwara, amma kada ka sa rai. Dabba ce mai kunya, tana kiwon ciyawa a ƙarƙashin ruwa, hanci kawai take fitarwa ta shaƙi iska ta koma. A duk zamana a can sau ɗaya na ga ruwa ya motsa aka ce mini shi ne, kuma ban iya rantsuwa a kai ba.

Zobe kuwa tsohuwar dabara ce. Wani malamin makaranta ɗan ƙasar Danmak mai suna Mortensen ne ya fara ta a 1899, ka ga abokin sana'arka ne. Kafin nan hujjar da ta fi girgiza Turawa ita ce wata farar shamuwa da aka harbe a arewacin Jamus a 1822, aka tarar da mashin Afirka soke a wuyanta, ta yi tafiyar duka da shi. Tana nan a ajiye a Jami'ar Rostok. Zoben ƙarfe ba ya karantuwa sai tsuntsu yana hannu, kuma a jikinsa akwai lamba da sunan cibiyar da ta sa shi. Amma yanzu ana ƙara zoben roba mai launi da manyan haruffa, musamman ga shahon kifin da Hajiya ta kwatanta da kuma filamingo, don a karanta daga nesa. Idan ka ga irinsa ka rubuta launin zoben, da launin rubutun, da haruffan, da ƙafar da yake, dama ko hagu, da rana da wuri. Ka ba ma'aikatan gandun, ko ka aika ta intanet ga cibiyoyin da ke tattara irin wannan bayani, sau da yawa sukan maido maka da tarihin tsuntsun, har da inda aka ƙyanƙyashe shi. Ka tafi da fensir maimakon biro, domin feshin ruwa a cikin kwalekwale yana wanke tawada. Idan za ku fita Madarunfa ranar asabar ku biyo ta Sabon Gari, ina da tsohon littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma mai hotuna, zan ara maka shi har ka dawo.